Ƙauyen Mihailofskoye a Rasha: daga hannun Gannibal zuwa zuriyar Pushkin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa akwai wani ƙauye a Rasha da wani baƙar fata, wai ɗan yankin tafkin Chadi, ya taɓa mallaka har da mutanen da ke cikinsa, kuma wai shi ne kakan babban mawaƙinsu Pushkin. Da gaske ne? In haka ne, ta yaya wanda aka kawo a matsayin bawa ya zama mai ƙauye, kuma me ya sa yau ake danganta wurin da Pushkin, ba da shi ba? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Wa alaikumus salam. Labarin yana da tushe, sai dai akwai gyara biyu. Mutumin ba kakan Pushkin ba ne kai tsaye, kakan mahaifiyarsa ne, wato mawaƙin tattaɓa-kunnensa ne. Sa'an nan ba ƙauye ɗaya aka ba shi ba, gunduma ce mai ƙauyuka 41. Sunansa Abram Petrobich Gannibal, wurin kuwa Mihailofskoye, a lardin Pskof da ke arewa maso yammacin Rasha, a bakin kogin Sorot, tsakanin tafkuna biyu, Kuchane da Malenets.

Batun tafkin Chadi daga alƙalamin Gannibal kansa ya samo asali. A 1742 ya rubuta wa Sarauniya Elizabet takardar neman a tabbatar masa da matsayin sarauta, ya ce shi ɗan Afirka ne, an haife shi a garin Lagon, ƙasar da mahaifinsa yake mulki. Shekaru da dama an ɗauka Habasha yake nufi. A tsakiyar shekarun 1990 masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa Logone-Birni ne, garin Kotoko da ke arewacin Kamaru a yau, kudu da tafkin Chadi, kuma masana da yawa sun karkata ga wannan ra'ayi. An haife shi wajen 1696, aka kai shi Istanbul yana yaro, inda ake kiransa Ibrahim, daga can aka kawo shi Masko a 1704. A 1705 aka yi masa baftisma a birnin Vilniyus, Sarki Bitrus na Ɗaya ya tsaya masa a matsayin uba. Ma'anar Petrobich ke nan, ɗan Bitrus.

Yadda ya zama mai ƙasa ba kyautar tausayi ba ce, tsarin mulkin ne ya ba da ƙofa. Masu sarautar Rasha ana kiransu dvoryane, daga kalmar dvor, wato fada, don haka in an ce musu fadawa ba a yi nisa ba. Asalin ƙasar da ke hannunsu ladan aiki ce: ka yi wa sarki yaƙi, ya yanka maka ƙasa da manoman da za su ciyar da kai. A 1722 Bitrus ya kafa jadawalin muƙamai mai hawa 14. Duk wanda ya kai muƙamin hafsa na farko a soja, ko hawa na takwas a aikin gwamnati, ya shiga ajin fadawa shi da zuriyarsa, ko wane ne ubansa. Gannibal ya yi karatun injiniyan soja a Faransa, ya yi yaƙi a rundunar Faransa har aka ji masa rauni a kai, ya dawo a 1723. Bayan rasuwar Bitrus a 1725 sai ya rasa bango, aka tura shi Siberiya a 1727. Da 'yar Bitrus, Elizabet, ta hau gado a ƙarshen 1741, ta nemo mutanen mahaifinta. A 1742 ta naɗa shi manjo-janar, ta ba shi kwamandan birnin Rebel, wanda yau ake kira Tallin, ta kuma ba shi gundumar Mihailofskaya. Ƙasar ta gidan sarauta ce, a da tana hannun Gimbiya Katarina 'yar Sarki Iban na Biyar, wadda ta rasu a 1733. Takardar mallaka ta fito a 1746.

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ake nufi da mallakar ƙauye, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba. A Rasha ta wancan zamani ba a auna arzikin mutum da faɗin gonarsa. Ƙasa tana da yawa, hannun noma ne ya yi ƙaranci. Ana auna shi da rayuka. Tun daga dokar 1649 manomi ba shi da ikon barin ƙasar ubangijinsa, kuma in ya gudu ana iya kamo shi ko bayan shekara nawa. Bitrus ya ƙara ɗaure abin da harajin kai, wanda aka fara karɓa a 1724: kowane namiji, jariri ko tsoho, ana biya masa kobek (ƙaramin kuɗin Rasha) 70 da wani abu a shekara, daga baya aka tsayar a 70. Domin karɓar harajin ake yin ƙidaya, kuma an yi ta sau goma tsakanin 1719 da 1858. Kowane namiji da ke cikin littafin ƙidaya shi ne rai ɗaya. Mata ba sa cikin wannan lissafi, saboda haka in aka ce wane yana da rai 200, ka ninka, mutanensa sun kai 400. Wanda ya mutu kuma sunansa yana nan ana biya masa haraji har sai an yi sabuwar ƙidaya. Ƙauyuka 41 na Gannibal sun zo da ɗaruruwan irin waɗannan rayuka.

Hanya biyu mai ƙasa ke cin gumin mutanensa. Ta farko barshchina: bayin gona su zo da dokinsu da garmarsu su yi noma a gandun ubangiji, galibi kwana uku a mako, sauran kwanakin su yi nasu. Wasu iyayengiji suna wuce haka, musamman lokacin girbi, shi ya sa a 1797 Sarki Bulus ya fitar da sanarwar hana aikin Lahadi tare da nuna cewa kwana uku sun isa, sanarwar da ba kowa ya bi ba. Ta biyu obrok: mutum ya biya kuɗi ko kaya a shekara, a bar shi ya yi nomansa ko ya tafi birni sana'a. Mai karatun Hausa zai ga kamarsa da murgu, kuma kamar tana da ƙarfi. Akwai kuma rukuni na uku, bayin gida, masu dafa abinci da masu reno da masu kula da dawaki, waɗanda ba su da ko taƙi na gona. Ikon ubangiji ya wuce na aiki. Shi ke zaɓar wanda za a ba soja, kuma aikin soja na tsawon rai ne, sai a 1793 aka mai da shi shekara 25. Dokar 1760 ta ba shi ikon tura bawansa Siberiya, ta 1767 ta hana bawa kai ƙarar ubangijinsa gaban sarauniya.

Ƙasar Pskof ba mai albarka ba ce. Ana raba gona kashi uku: ɗaya hatsin rai da ake shukawa da kaka ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara, ɗaya hatsin oat na bazara, ɗaya a bar shi ya huta. Amfanin da ake samu bai cika wuce ninki uku ko huɗu na irin da aka zuba ba. Abin da ke kawo kuɗi shi ne ramar linin da katako.

Gannibal da kansa bai zauna a can sosai ba. Ya gina gida a ƙauyen Kuchane inda iyalinsa suka yi zama, shi kuwa yana wajen aiki. Ya kai muƙamin cikakken janar a 1759, ya yi ritaya a 1762, ya ƙarasa rayuwarsa a Suida, wata gona da ya saya kusa da birnin San Pitasbag, ya rasu a can a 1781. A nan ne amsar tambayarka ta biyu ta fara, domin fadawan Rasha, ba kamar na Ingila ba, ba sa bar wa ɗan fari gado shi kaɗai. Bitrus ya gwada tilasta musu hakan a 1714, suka ƙi jinin dokar, aka soke ta a 1731. Don haka kowane ƙarni ana sake yanka ƙasa. 'Ya'yan Gannibal maza huɗu, waɗanda matarsa ta biyu Kristina, mai tushen Suwidin, ta haifa masa, suka raba. Iban, babbansu, gwarzon yaƙin ruwa da Turkiyya a 1770 wanda ya jagoranci gina birnin Kerson, ya ɗauki Suida. Ƙanensa Bitrus ya sami Kuchane, wanda ya koma Petrofskoye. Ishaku ya sami Boskresenskoye, bashi ya cinye ta. Osif, wato Yusufu, ya sami yankin da ya gina gida na katako a kan tudu, ya shuka layin itatuwa, wurin ya zama Mihailofskoye.

A rajista ba a kiran wurin selo. Selo ƙauye ne mai coci, derebniya ƙauyen manoma ne zalla, seltso kuwa ɗan ƙauye ne mai gidan ubangiji amma babu coci. Mihailofskoye seltso ne. Shi ya sa in an yi mutuwa ake kai gawa gidan ibadar Sbiyatogorski da ke kusa, wanda aka kafa a 1569 zamanin Iban na Huɗu.

Osif ne ya jawo rikicin da ya sauya wa ƙasar suna. Hafsan sojan ruwa ne mai sakin hannu. A 1773 ya auri Mariya Aleksiyebna, 'yar dangin Pushkin, suka haifi 'ya mace, Nadezhda, a 1775, suka rabu babu saki. Cocin Rasha ba ya sakin aure da sauƙi. Sai Osif ya nuna cewa matarsa ta mutu, ya auri wata gwauruwa mai suna Ustinya Tolstaya. Mariya tana raye, ta kai ƙara, magana ta kai gaban Sarauniya Katarina ta Biyu. Aka raba aure na biyu, aka ware ƙauyen Kobrino daga dukiyarsa domin ciyar da 'yar. Ustinya ita ma ba ta haƙura ba, ta yi ta shari'a da shi kan kuɗin da ta ce yana hannunsa. Da Osif ya rasu a Mihailofskoye a 1806 bai bar ɗa namiji ba, sai ƙasa ta faɗa hannun matar da ya ce ta mutu da 'yarta, tare da bashinta.

Wannan abu ne da baƙo ke mamaki: matar aure a Rasha tana riƙe dukiyarta da sunanta, miji ba shi da iko a kai. Amma rabonta in akwai 'yan'uwa maza kaɗan ne, kashi ɗaya cikin 14 na ƙasa. Wanda matarsa ko mijinta ya rasu yana samun ɗaya cikin bakwai. Sai in babu namiji ne mace ke kwashe duka. Nadezhda ta auri Sergei Pushkin a 1796, ta haifi Aleksanda, wato mawaƙin, a 1799, kuma bayan rasuwar mahaifiyarta a 1818 ita ce mai Mihailofskoye. Sunan Gannibal ya fita daga gidan ta hanyar aure, ba ta hanyar ciniki ba. In ka bi tarihin kowane ƙauyen Rasha za ka ga sunan iyayengiji yana canzawa duk bayan ƙarni biyu ko uku, sai ka zaci ciniki ne, alhali sau da yawa aure ne. Maƙwabtansu na Trigorskoye haka abin ya kasance: Sarauniya Katarina ta Biyu ta ba Maksim Bindomski ƙasar a 1762, jikarsa Praskofya ta gada, ta auri Bulf, ya rasu ta auri Osipof, gida ɗaya ya amsa suna uku.

Pushkin ya fara zuwa ƙauyen a 1817, ya koma a 1819. Zaman da ya sa wurin ya yi suna kuwa na dole ne. A watan Yuli 1824 aka kore shi daga aiki a Odesa, bayan saɓani da gwamna Borontsof da kuma wata wasiƙa tasa da aka kama mai zancen rashin imani, aka ce ya koma ƙauyen mahaifiyarsa kada ya fita. Hukuma ta nemi mahaifinsa ya sa masa ido, uban ya amince, suka yi mummunan faɗa, iyalin suka tashi suka bar shi. Ya yi shekara biyu a can, da shi da mai renonsa Arina Rodiyonobna, wadda ita kanta baiwa ce da aka haifa a yankin Suida. Rashin 'yancin fita ya hana shi kasancewa a San Pitasbag ranar boren hafsoshi na Disamba 1825, wanda abokansa ke ciki, aka rataye biyar daga jagororin. A Satumba 1826 sabon sarki, Nikolai na Ɗaya, ya aika a kawo shi Masko.

Masu yabon mawaƙin sukan tsallake wani ɓangare, amma tarihin ƙauye ba ya cika sai da shi. Olga, 'yar wakilin gonar Mihail Kalashnikof, baiwa ce ta gidan, ta ɗauki cikin Pushkin a 1826, aka tafi da ita Boldino, gonar mahaifinsa da ke lardin Nizhni Nobgorod. Yaron bai rayu ba. Da zai yi aure kuma, mahaifinsa ya ba shi rai 200 a ƙauyen Kistenebo kusa da Boldino, nan take a 1831 ya jinginar da su ga asusun lamuni na gwamnati ya karɓi kusan rubul 40,000, ya yi hidimar biki. Ba shi kaɗai ba ne. Zuwa 1859 kimanin kashi biyu cikin uku na bayin gonar fadawa duk suna jingine. Kuɗin ba ya komawa gona, yana tafiya ne a gidan birni da karusa da caca, ruwan bashi kuma yana hawa.

Matsala ta uku bayan rabon gado da bashi ita ce rashin zama. Tun 1762 aka ɗauke wa fadawa wajibcin aikin gwamnati, amma iyayen Pushkin sun fi son birni, sai lokacin zafi suke leƙowa. Gona tana hannun wakili, kuma wakilin da ba a duba littafinsa shi ne ainihin mai gona. Da Nadezhda ta rasu a 1836, mijin 'yarta Olga, Nikolai Pablishchef, ya je ya duba lissafi, ya sami wakili yana wawure hatsi da kayan gona, ya sallame shi, ya matsa a sayar da wurin a raba kuɗi. Lissafin gadon ya bi doka: miji ɗaya cikin bakwai, wanda ya bar wa 'yarsa, Olga ɗaya cikin 14, saura tsakanin Aleksanda da ƙanensa Lef. Abin da ake ta ja-in-ja a kai rayuka ne kimanin 80. Ka kwatanta da ƙauyuka 41 na shekara casa'in da suka wuce.

Pushkin yana son riƙe wurin amma ba shi da kuɗin biyan 'yan'uwansa. Da ya kai gawar mahaifiyarsa Sbiyatogorski ya biya kuɗin kabarinsa kusa da nata. Shekara ba ta cika ba aka harbe shi a fafatawar bindiga da wani hafsa ɗan Faransa mai suna Dantes, ya rasu a farkon 1837, aka kawo shi can. Kwamitin riƙon marayu ya sayi rabon Lef da Olga domin 'ya'yansa huɗu. Matarsa Natalya ta zo a 1841 ta sa dutse a kabarin, ta sake zuwa a 1842, daga nan gidan ya zauna babu mai shi yana ruɓewa.

'Yanta bayin gona ya zo ranar 19 ga Fabrairu 1861 a kalandar Rasha ta da, ya shafi mutum kusan miliyan 23. Ga yadda aka tsara shi, domin a nan aka binne abin da ya fashe daga baya. Manomi ya sami 'yancin kansa kyauta, amma ƙasar da yake nomawa sai ya fanshe ta. Gwamnati ta biya mai ƙasa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na kuɗin da takardun lamuni, bayan ta cire bashin da take binsa, manoma kuma su riƙa biyan gwamnati kashi shida cikin ɗari duk shekara har shekara 49. Ƙasar ba a sunan mutum aka rubuta ta ba, a sunan jama'ar ƙauye ne, kuma in ɗaya ya kasa biya sauran za su ɗauka. Daji da makiyaya galibi sun zauna a hannun tsohon ubangiji, sai manomi ya yi hayar wurin kiwo da wurin saran itace daga wanda ya 'yanta shi. Bayin gida kuwa an sake su hannu rabbana, babu gona. Ba a daina karɓar kuɗin fansa ba sai 1907.

Ɗan mawaƙin, Grigori, ya tare a Mihailofskoye a 1866, ya rushe tsohon gidan ya gina sabo, ya zauna fiye da shekara talatin. A 1899, shekarar cika ɗari da haihuwar mahaifinsa, baitulmalin gwamnati ya sayi wurin aka damƙa shi ga majalisar fadawan Pskof, shi kuma ya koma gonar matarsa kusa da Vilniyus. Nan zuriyar Gannibal ta fita daga ƙauyen, shekara 157 bayan kyautar Elizabet. Gidan ya ƙone a 1908, aka sake ginawa, aka buɗe masaukin tsofaffin marubuta a 1911. Bayan juyin juya halin 1917 da dokar da ta ƙwace ƙasar fadawa, a Fabrairu 1918 aka banka wa Mihailofskoye da Trigorskoye da Petrofskoye wuta. Manoman da suka yi haka ba mawaƙi suke gani ba, gidan ubangiji suke gani.

Gwamnatin Sobiyet ta ayyana wurin a matsayin wurin tarihi a 1922, aka gina gidan a 1937. Sojojin Jamus suka riƙe yankin daga 1941 zuwa Yuli 1944, suka lalata shi, suka dasa nakiyoyi har a kabarin. Gidan da baƙo ke gani yau an gina shi a 1949 ƙarƙashin Semyon Geichenko, wanda ya shafe shekaru da dama yana shugabantar wurin, bisa tsohon harsashi da zane-zanen da suka rage. Trigorskoye an maido da shi a 1962, Petrofskoye a 1977, kuma a nan ne aka keɓe wa Gannibal da 'ya'yansa ɗakuna, don haka mai neman sawun ɗan Afirkan can ya kamata ya nufa. Abin da ya rage na asali a Mihailofskoye shi ne tudun da tsofaffin itatuwan lambu. A Sbiyatogorski, cikin garin da yanzu ake kira Pushkinskiye Gori, kabarin Osif Gannibal yana kusa da na Mariya, matar da ya ce ta mutu shekaru kusan arba'in kafin ajalinta, da na 'yarsu da na jikansu. Abram shi kuwa a Suida aka binne shi.